Yadda Ake Haɗa Granola a Gida, da Oben ko da Kasko

Granola haɗin hatsi ne da ake cakuɗawa da zuma da ɗan mai, a gasa a hankali har ya bushe ya yi garas-garas. Ana cin ta da madara ko kindirmo, wasu kuma su riƙa watsa ta a baki haka nan. Duk wadda ta taɓa ɗaukar ledarta a manyan kantunan Gusau ta duba farashin ta san ba abin saye kullum ba ce ga mai iyali. To amma ki juya bayan ledar ki karanta abin da aka zuba a ciki: ots, gyaɗa ko danginta, kwakwa, busassun 'ya'yan itatuwa, zuma, mai, gishiri. In kin cire ots ɗin, babu abin da ba za ki samu a kasuwar Tudun Wada ba, kuma namu ya fi nasu zama sabo.

Asalin abin daga Amurka ne. Wani likita mai suna James Caleb Jackson ne ya fara yin irinsa a 1863, a gidan jinyarsa da ke garin Dansville. Nasa da garin alkama ya yi, kuma ya yi tauri sosai har sai an jiƙa shi a madara ya kwana kafin ya ciwu. Wadda aka sani yau, ta ots da zuma, sai a shekarun 1960 ta fara yaɗuwa. Ots ɗin shi ne hatsin nan da muke gani a gwangwanin Quaker Oats. Ƙasashe masu sanyi ke noma shi, Kanada da Rasha ne kan gaba, shi ya sa kuɗinsa a nan ke bin dala. Zan nuna miki a gaba yadda za ki rage shi ki cike da hatsinmu.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun kafin ki taɓa komai. Wannan aikin busarwa ne, wuta kaɗan yake so da lokaci mai tsawo. Wadda ta iya kantun riɗi ta riga ta san rabin aikin, domin ta san yadda zaƙi ke juyawa daga ƙamshi zuwa ƙauri kafin ka ankara. Yawancin granolar da ke ɓaci, gaggawar mai yi ce ta ɓata ta.

Abin da za ki tanada

Ki ɗauki kofi guda, irin na shan shayi mai cin kusan mililita 250, ki auna komai da shi. In ma wani kofin ne daban ba laifi, muddin ba ki canza shi a tsakiyar awo ba.

Ots kofi 3
Gyaɗa kofi 1
Riɗi rabin kofi
Gogaggiyar kwakwa busasshiya kofi 1
Zuma rabin kofi
Man gyaɗa cokalin cin abinci 5
Gishiri rabin cokalin shayi
Garin kirfa cokalin shayi 1, garin citta rabin cokalin shayi
Yankakken dabino kofi 1

Gwangwanin ots mai giram 500 yana ba da kofi biyar da ɗoriya, wato ya kusa isar ki yi sau biyu. Iri biyu za ki gani a kanti. Akwai mai faɗin ƙwaya da kauri, akwai kuma mai laushi da aka yanka ƙanana don ya dahu da wuri. Mai faɗin ya fi, yana jure wuta kuma ya fi daɗin tauna. Mai laushin ma yana yi, har ya fi saurin dunƙulewa, sai dai yana saurin ƙonewa, don haka ki rage masa mintuna biyar a gashi. In kin ga gari ya yi yawa a cikinsa, ki ɗan tankaɗe da rariya. Wanda kawai ban yarda ki saya ba shi ne na ƙananan ledoji da aka riga aka zuba wa sukari da madara.

Gyaran kaya, wanda ya fi gashin cin lokaci

Ki fara da gyaɗa, kuma ki zauna ki tsince ta da hannu a tire, cikin haske. Duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta yi baƙi-baƙi, ko kika ga fumfuna a jikinta, ki fitar ki zubar, kada ma a ba kaji. Irin wannan gyaɗar ce ke ɗauke da gubar nan da ake kira afilatoksin mai lahanta hanta, kuma zafin suya ba ya kashe ta. Mu da gyaɗa ta zama abincinmu tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar ta daga Ƙaura Namoda, mun saba da ita har ba mu cika duba ta ba, alhali minti goma na tsinta ya wadatar. Bayan kin tsince, ki soya ta sama-sama, iyakar yadda ɓawon zai saki. Kada ki bari ta yi ja, don za ta sake shiga wuta. Ki murje, ki fece ɓawon, ki ɗan barza ta a turmi ta rabu biyu ko huɗu. In kuma soyayyiya kika saya wadda ta riga ta soyu sosai, ki ajiye ta gefe, sai mintuna goma na ƙarshe za ta shiga.

Riɗi yana zuwa da yashi, ko mai sayarwa ya rantse miki cewa gyararre ne. Ki zuba shi a ruwa ki rege da ƙwarya sau biyu ko uku, ki tsane a rariya mai ƙananan ido, ki baza a tire ya bushe sarai. Tsakuwa ɗaya a bakin maigida ta isa ta sa a daina taɓa kwalbar gaba ɗaya.

Kwakwa ita ce ta fi ɓata wa mutane aiki. Ɗanyar kwakwa cike take da ruwa, in kika goga ta kika zuba kai tsaye, ruwan zai koma cikin ots ɗin, granolar ta ƙi bushewa, bayan 'yan kwanaki ta yi tsami ko fumfuna. Ki kankare baƙin bayanta, ki goga a magogi ta ɓangaren manyan huji, sannan ki busar. Da hunturu wuni ɗaya a rana ya isa, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Da damina kuwa kada ki dogara da rana, ki zuba ta a busasshen kasko kan wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa har ki ji ta daina manne wa hannu, amma tana nan fara.

Dabino ki cire ƙwallon, ki buɗe kowanne ki leƙa cikinsa, domin ƙwari na ɓuya a wurin. Mai laushi ki yanka ƙanana da wuƙa ko almakashi. Busasshen nan mai tauri da ake kawowa daga Nijar ya fi daɗewa a ajiya, sai dai ki daddaka shi ƙanana sosai don kada ya wahalar da haƙori.

Sai mai. Ɗanyen man gyaɗa na matsa yana da gafi, dole a soya shi kafin a yi amfani da shi. Hannunmu ya saba jefa albasa a ciki, to a nan kada ki jefa. Ki ɗora shi shi kaɗai har kumfar ta kwanta, ki sauke ya huce. Haka ma man shanu, wanda ni a ganina ya fi kowane mai ƙamshi a wannan haɗin: ki tambayi mai shi ko da albasa ta soya, in haka ne ki bar shi don shinkafa da wake. Man kwakwa ko farin mai na gora duk suna yi. Manja ne kawai ba ya shiga nan.

In zumar ta yi tsada, ko ba ki amince da tsarkinta ba, mazarƙwaila ta tsaya mata. Ki farfasa ta, ki auna kofi ɗaya ba cikakke ba, ki zuba ruwa cokali huɗu, ki narkar a wuta kaɗan, sannan ki tace da rariya don tana zuwa da ɓurɓushin rake da ƙasa. Ki mayar wuta minti biyu ko uku har ki ga ta fara danƙo a bayan cokali. Granolar mazarƙwaila ta fi duhu kuma ta fi ƙarfin garas, ta zuma ta fi ƙamshi. Rabi da rabi shi ne zaɓina.

Haɗawa da gashi

Ki kunna oben tun kina haɗi, ki sa shi a digiri 150 na ma'aunin Selshiyas. In irin na gas ne da lambobin suka goge, ki kai wutar can ƙasa iyakar inda ba za ta mutu ba, ki sa ragar a tsakiya.

A babbar roba ki haɗa ots, gyaɗa, riɗi, gishiri, kirfa da citta, ki juya. Kwakwa da dabino ba yanzu ba. Kada ki raina gishirin nan don kin ga abin zaƙi ne, shi ke fito da ɗanɗanon gyaɗa da riɗi, in babu shi sai ki ji zaƙi kawai salam.

A ƙaramar tukunya ki zuba zuma da mai, ki ɗumama su kaɗan har zumar ta saki ta tsinke. Ba tafasa ake so ba. Ki kwarara a kan busassun kayan, ki sa hannu ko muciya ki cakuɗa da kyau, ki tabbata kin kai ƙasan robar. Kowace ƙwaya ta yi sheƙi, amma kada ruwa ya kwanta a ƙasa. Ki damƙi kaɗan a tafin hannu ki matse: in ya tsaya a dunƙule sannan ya wargaje da kin taɓa shi da yatsa, haɗin ya yi daidai. In ya ƙi tsayawa ki ƙara zuma cokali ɗaya, in yana naso a hannu ki ƙara ots.

Ki shimfiɗa takardar gashi a tire, in babu ki shafa mai kaɗan. Ki baza haɗin, kaurinsa kada ya wuce kaurin yatsa. In tiren ƙarami ne ki raba gida biyu ki yi gashi biyu, domin in kika tula shi, sama da gefe za su ƙone, tsakiya kuma ya turaru maimakon ya bushe. Ki danna da bayan ludayi ya kwanta, ki tura cikin oben.

Bayan minti 15 ki fito da shi. Za ki ga gefe-gefen ya fara ja, tsakiyar tana nan fara. Ki jawo na gefen zuwa tsakiya, ki tura na tsakiyar gefe, ki zuba kwakwar a wannan lokacin, ki sake bazawa ki danna. In oben ɗinki gefe ɗaya ya fi zafi, ki juya tiren ma. Ki mayar na minti 10 zuwa 15. Daga nan kada ki yi nisa da madafa, kada ki ce bari in leƙa maƙwabta. Zuma tana saurin yin duhu fiye da sukari, kuma tsakanin ya yi da ya ƙone bai wuce minti uku ba. Gaba ɗaya gashin yana ɗaukar minti 25 zuwa 30.

Ga inda ake ruɗuwa. Lokacin da granola ta gasu, ba ta yin garas a cikin oben. In kin taɓa za ki ji ta da laushi, har ki ɗauka da saura. Zaƙin da ke jikinta a narke yake saboda zafi, sai ya huce yake daskarewa ya yi ƙarfi. Saboda haka kada ki yi hukunci da taɓawa. Ki duba launi, ya zama ruwan zuma mai haske ko'ina, ki kuma saurari hancinki, ƙamshin gasasshiyar gyaɗa da riɗi ya cika wurin. In kina shakka, ki ɗebi cokali ɗaya ki zuba a farantin tangaran mai sanyi, ki jira minti biyu ki tauna. In ya yi ƙaras, ki sauke duka. Wadda ta tsaya jiran ya yi ƙarfi a wuta, ɗaci za ta kwasa.

Da kin fito da tiren, ki sake dannawa sau ɗaya, ki ajiye a inda iska ke shiga, ki ƙyale shi. Kada ki juya, kada ki rufe, kuma ki tsare shi daga hannun yara na aƙalla minti 45. A wannan zaman ne yake haɗewa. Bayan ya huce sarai sai ki ɓaɓɓalla da hannu gwargwadon girman da kike so, sannan ki zuba dabinon ki juya. Dalilin barin dabino sai ƙarshe shi ne in ya shiga oben yana ƙonewa ya ƙandare. Haka zabibi da busasshen mangwaro.

Mai son manyan dunƙule ta kaɗa farin ƙwai ɗaya har ya yi kumfa, ta zuba a haɗin kafin gashi, kuma a juyawar tsakiya ta kifa shi ɓangare-ɓangare da faffaɗan cokali maimakon ta wargaza.

In babu oben

Gidaje da yawa babu shi, wasu kuma na lantarki ne, ana iya ɗauke wuta abu yana tsaka da gasuwa. Kasko mai kaurin gindi yana fitar da aikin, sai dai ki raba awon nan gida biyu don ki iya juyawa.

Ki ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan. In gawayi ne, ki bari ya ruru ya fara yin toka, ki rage shi, kada harshen wuta ya taɓa gindin kaskon. Ki zuba ots shi kaɗai kina juyawa ba tsayawa, minti 8 zuwa 10, har ya ɗan canza launi ya yi ƙamshi, ki juye a roba. Ki soya riɗi daban har ya fara tsalle yana ƙara, ki juye. Kwakwa ma daban har ta ɗan yi ja. Gyaɗar a nan ki soya ta cikakkiyar suya tun farko. Kowanne da lokacinsa, shi ya sa ba a haɗa su. Sannan ki zuba mai da zuma a kaskon, da sun fara ƙananan kumfa a gefe ki juye dukkan kayan da gishiri da kayan ƙamshi, ki yi ta juyawa minti huɗu ko biyar har ki ga ya daina sheƙin ruwa ya fara kama jikinsa. Ki juye a tiren da kika shafa wa mai, ki baza, ki danna, ki bari ya huce kamar yadda na faɗa a sama.

Masu gasa kek a tukunya da yashi za su iya bin hanyarsu: yashi a ƙasa, a ɗora murfin gwangwani ko duwatsu uku, a aza faranti a kai. Sai dai kada a rufe tukunyar ruf, a bar kafa tururi ya fita, kuma a riƙa juyawa duk minti bakwai ko takwas.

Cikawa da hatsinmu

Kada ki zuba ɗanyen gero ko dawa a haɗin kai tsaye. Ots ɗin kanti an riga an turara shi an latse shi a masana'anta, shi ya sa yake tauno bayan ɗan gashi. Geronmu kuwa in bai ga tururi ba, tsakuwa zai koma. Ki surfa shi, ki wanke, ki rege, a barza miki shi, ki turara a madambaci har ya nuna, sannan ki baza a tire ki wargaza gudajin ya sha iska ya bushe. Wannan za ki iya maye kofi ɗaya daga cikin ukun ots da shi. Acca ma haka ake mata, kuma ta fi gero saurin nuna. Ban ba ki shawarar wuce kofi ɗaya ba a karon farko, ki fara jin yadda mutanen gidanki suka karɓe shi.

Guggurun dawa ya fi sauƙi, kuma yana ƙara auki ƙwarai. Ki tsince waɗanda ba su fashe ba, ki zuba shi a mintuna goma na ƙarshe. Aya tana ba da zaƙi mai daɗi, amma sai an soya an barza ta ƙanana, rabin kofi ya isa. Yazawa in aljihu ya yarda. Garin ƙwalba, wato na 'ya'yan kuka, cokali biyu, a barbaɗa bayan an sauke, yana kawo ɗan tsamin da ke yanke zaƙin dabino, da kindirmo kuwa ba a magana.

Ci da ajiya

Rabin kofi a kwano da kindirmo mai sanyi ko madara ya isa babban mutum karin kumallo, kuma a zuba a ci nan take kafin ya jiƙe. Yana riƙe ciki, shi ya sa yake da amfani a sahur, da kuma cikin kayan ɗalibai masu komawa makarantar kwana. Ots yana da wani sinadari mai suna beta-gulukan da ke taimakawa wajen rage kitsen jini, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 1997 a riƙa rubuta hakan a jikin kayan ots. Amma kada wannan ya sa a ɗauka granola magani ce. Akwai zuma, akwai mai, akwai dabino a cikinta. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likitansa kafin ya mayar da ita abincin kullum. Jariri da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, ko an gasa ta. Yara ƙanana kuma suna iya shaƙewa da ɓarin gyaɗa, a daka musu nasu ya yi laushi a jiƙa. In za ki ba baƙo ko ki kai wa wani, ki faɗa masa akwai gyaɗa da riɗi, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar su.

Ki zuba a kwalba ko roba mai murfin da ke kamawa gam, busasshiya ƙayau, kuma sai granolar ta huce gaba ɗaya. In da sauran ɗumi, gumi zai taru a murfin ya sauko mata. Da hunturu takan yi mako uku zuwa huɗu lafiya. Da bazara, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, man gyaɗa da na kwakwa suna saurin canza wari, don haka ki yi kaɗan-kaɗan ko ki sa a firiza, inda takan yi wata uku. Damina ita ce mai wuya: ki raba a ƙananan ledoji ki ɗaure, ki riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya, dabinon kuma ki ajiye shi daban sai za a ci, saboda danshinsa yana ratsa sauran.

In duk da haka ta yi sanyi ta saki, kada ki zubar. Muddin babu fumfuna ko warin tsohon mai, ki tsince dabinon, ki baza ta a tire ki mayar oben mai digiri 140 na minti 8 zuwa 10, ko ki juya ta a busasshen kasko kan wuta kaɗan, ki bari ta huce kafin ki mayar kwalba.